Yadda za ka kalli jirgi mai saukar ungulu ka gane aikin da aka ƙera shi dominsa

Ranar da na fara ganin helikwafta kusa da kusa, a filin ƙwallon makarantar garinmu ne, an kawo wani babban mutum. Jama'a duk suka ɗunguma suka bi shi da kiɗa da jiniya, ni kuwa na kasa motsawa daga bakin filin, bakina cike da ƙasa saboda ƙurar da jirgin ya tayar, ina kallon farfelar nan tana rage gudu a hankali har fikafikanta suka sunkuyo ƙasa kamar ganyen ayaba. Tun daga ranar abin ya shiga raina, kuma abin da na fahimta bayan shekaru ina bibiya shi ne babu wani abu a jikin jirgin nan da aka sa don kwalliya, kowane lanƙwasa amsa ce ga wata tambaya da wani ya yi tun kafin a yanka ƙarfen farko. In ka iya karanta jikin, za ka iya faɗin wa ya yi odarsa da kuma abin da yake tsoro. Shi nake so in koya maka.

Waɗanda nake magana a kai su ne matsakaita, masu nauyin kamar tan 5 zuwa tan 13 in sun cika, masu ɗaukar mutum goma zuwa ashirin da wani abu. Ban da ƙananan nan masu kujera huɗu ko shida, ban da kuma manyan dodanni irin Chinook ko Mi-26. Irin su Black Hawk da S-76 da S-92 na kamfanin Sikorsky a Amurka, Mi-8 da Mi-17 na Rasha, Puma da Super Puma na Faransa, sai AW139 na Italiya. Kuma ba baƙi ba ne a wajenmu, Mi-17 dai sojojin saman Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru da Ghana duk suna da shi, AW139 kuwa shi ne ake yawan gani yana ɗauko manya.

Toh kafin ka kalli ko noti ɗaya, fara da tambayar nan, wa ya nema, kuma me ya rubuta a takardar buƙatarsa. Domin injiniyoyi ba su zama su zana abin da ransu ke so, mai saye ne ke rubuto musu cewa ina son ya ɗauki kaza, ya kai nisan kaza, a zafi kaza, su kuma su yi ta fama har abin ya fito. Labarin Black Hawk ya isa misali. Sojojin Amurka sun dawo daga yaƙin Vietnam da darasi mai ɗaci a kan jirginsu Huey, inji ɗaya gare shi, in rana ta yi zafi ko aka hau tudu sai ya kasa ɗaukar cikakken lodi, in kuma ya faɗi sau da yawa wuta ce ke cinye waɗanda faɗuwar ba ta kashe ba. Sai a 1972 suka fitar da takarda, suna son jirgi mai inji biyu da zai ɗauki sojoji 11 da kayansu ban da ma'aikatan jirgin, ya iya tashi tsaye a tudu mai ƙafa 4,000 cikin zafin digiri 35, sannan, wannan shi ne abin da ya fi ba injiniyoyi wahala, dole ya shiga cikin jirgin dakon kaya C-130 ba tare da an wargaza shi gaba ɗaya ba. Kamfanonin Sikorsky da Boeing Vertol suka fafata, na Sikorsky ya fara tashi a watan Oktoban 1974, aka zaɓe shi a ƙarshen 1976, ya fara aiki a 1979.

Yanzu je ka duba hoton Black Hawk daga gefe. Ka ga yadda yake a kwance, dogo, gajere, kamar kada? Wannan C-130 ɗin ne ya danne shi haka, cikinsa ma soja ba ya iya miƙewa tsaye. Da farko har farfelar sama sai da suka sauko da ita dab da rufin jirgin don dai ya shige, sai gwajin tashi ya nuna jijjiga ta yi yawa ba kaɗan ba, dole suka ɗaga ta sama da inci 15, suka yi dabarar da za a iya sauke ta in za a loda jirgin. Ka ga kenan layi ɗaya a takarda ya tsara siffar jirgin da aka shafe sama da shekara 40 ana amfani da shi.

Batun ƙafa 4,000 da digiri 35 ɗin nan kuma kar ka wuce shi da sauri, ya shafe mu kai tsaye. Ƙafa 4,000 kusan tsayin Jos kenan daga teku. Farfela iska take tunkuɗawa ƙasa, inji ma iska yake shaƙa, iska kuwa in ta yi zafi ko aka hau sama sai ta yi sako-sako, ba ta da kauri, sai farfela ta rasa abin kamawa inji kuma ya rasa numfashi, biyu a lokaci ɗaya. Jirgin da ya ɗauki mutum goma sha biyu da sanyin asuba a Legas ba lallai ya iya ɗaga su da azahar a Maiduguri cikin watan Afrilu ba. Saboda haka duk inda ka ga an rubuta jirgi kaza yana ɗaukar kaza, tambayi kanka, a wane zafi, a wane tudu. Wanda bai faɗa maka wannan ba talla yake maka.

Sai ka ɗaga kai sama ka ƙirga fikafikan babbar farfela. Huey biyu gare shi, shi ya sa ƙararsa take fat fat fat tun daga nesa, kuma yana girgiza mutum har haƙora. Black Hawk huɗu, S-76 huɗu, S-92 huɗu, Puma huɗu. Mi-8 da Mi-17 biyar, AW139 biyar, Super Puma ya fara da huɗu sai sabon samfurinsa H225 ya koma biyar. Yawan fikafikai na raba nauyin a tsakaninsu, jijjiga ta ragu, ƙara ta yi laushi, kuma ana iya rage faɗin farfelar jirgin ya shiga wuri matsattse. Amma kowane fiffike da ka ƙara, kuɗi ne, nauyi ne, kuma cibiyar da ke riƙe su ta ƙara rikicewa, bakanike ya samu ƙarin abin dubawa. Faɗin ma ka kimanta shi da ido, na Black Hawk mita 16 da 'yan kai ne, na Mi-17 ya haura mita 21. Faffaɗar farfela ta fi iya shawagi wuri ɗaya da lodi mai nauyi ba tare da cin ƙarfin inji sosai ba, amma tana son fili.

In jirgin na aiki lura da inda farfelar ke juyawa. Na Amurka, in kana kallo daga sama, suna juyawa ne saɓanin hannun agogo, na Rasha da na Faransa kuwa suna bin hannun agogo. Babu wanda ya fi wani, gado ne kawai kowane gida ya riƙe, amma matuƙin da ya saba da ɗaya in ya koma ɗayan sai ƙafarsa ta sake koyon wane feda na sarrafa wutsiya za ta taka.

Wani abu da mutane ke yawan tambaya, me ya sa helikwafta ba ya gudu kamar jirgi mai fiffike. Ga dalilin. In jirgin na tafiya gaba, fiffiken da ke zuwa gaba yana haɗuwa da iska da gudunsa haɗe da gudun jirgin, wanda ke komawa baya kuwa gudun jirgin ake cire masa, toh in aka matsa gudu sai na bayan ya kai inda ba ya iya ɗaga komai, na gaban kuma bakinsa ya kusa gudun sauti, jirgin ya fara rawa yana neman kifewa gefe. Shi ya sa duk wannan ajin suke tafiya a wajen kilomita 220 zuwa 300 a awa, komai kuɗin mai shi. In ka ga bakin fiffike an lanƙwasa shi baya kamar lauje, irin na Black Hawk, yaƙi ake da wannan matsalar da kuma ƙara.

Ƙarƙashin farfelar, cikin ƙullutun nan da ke kan rufi, akwai abin da ba za ka gani ba amma wallahi ya fi komai muhimmanci, giyabos. A nan nake so ka daɗe. Injin Black Hawk yana fitar da juyi kusan 20,900 a minti, farfela kuma 258 kawai take buƙata, giyabos ne ke karɓar wannan mahaukacin gudu daga inji biyu ya haɗe ya sauke shi, ya kuma aika wani kaso ta doguwar sanda zuwa farfelar wutsiya. Ba nan kaɗai ba, a yawancin jiragen nauyin jirgin gaba ɗaya da mutanen ciki ta nan yake rataye a jikin farfela. Inji biyu ne, in ɗaya ya mutu ɗayan zai kai ka. Giyabos ɗaya ne tak, ba shi da na biyu.

Shi ya sa sojojin Amurka suka sa sharaɗin giyabos ya iya aiki minti 30 ko da harsashi ya huda shi bakin mai ya tsiyaye. Kuma abin da ya faru ranar 12 ga Maris 2009 a tekun Newfoundland ta Kanada ya nuna wannan sharaɗin ba wasa ba ne. Jirgi S-92 ɗauke da ma'aikatan haƙar mai, mutum 18 a ciki, ƙusoshin da ke riƙe da murfin filtar bakin mai, na ƙarfen titaniyom, biyu daga cikin uku suka karye, mai ya zube, matuƙan suka juyo suna neman gaɓa, kusan minti 11 bayan nan giyar da ke juya farfelar wutsiya ta cinye, jirgin ya faɗa ruwa, mutum ɗaya kaɗai ya tsira. Bayan nan aka tilasta canza ƙusoshin zuwa na baƙin ƙarfe. Ƙusa, abin da za ka ɓoye a tafin hannu. Sai kuma 29 ga Afrilu 2016 a Norway kusa da Bergen, Super Puma samfurin EC225, wato H225 ɗin nan, ɗaya daga cikin ƙananan giyoyin ciki ya tsage saboda gajiyar ƙarfe, farfelar sama gaba ɗaya ta rabu da jirgin tana juyi ita kaɗai a sararin sama, mutum 13 duk suka rasu. Duk lokacin da na tuna da waɗannan biyun jikina yana sanyi, domin mutanen nan aiki za su je ko gida za su koma.

Toh tunda ba za ka iya leƙa ciki ba, abin da za ka yi shi ne in ka samu bakaniken jirgi ko kana karanta bayanin wani samfuri, ka nemi abu biyu, minti nawa aka gwada giyabos ɗin ba mai, sannan me ke sa ido a kansa. Akwai wani ɗan toshe mai maganaɗisu da ake ɗaurawa a ƙasan giyabos, duk ɓurɓushin ƙarfen da ya gutsuro cikin mai sai ya manne masa ya kunna fitila gaban matuƙi, bakanike zai kwance shi ya ɗaga a haske ya duba, in gari ne mai laushi kamar kwalli wannan cin yau da gobe ne, in ɓawo ne mai ƙyalli toh jirgin nan ba inda za shi. Sababbin jirage kuma suna da na'urori a jikinsu masu sauraron jijjiga suna ajiyewa a kwamfuta, a sauke bayan kowane tashi a duba.

Daga nan matso ga inji. Wannan ajin kusan duk biyu ne, kananzir suke sha irin na jiragen sama. Mi-8 ma samfurin gwajin farko a 1961 inji ɗaya ne, sai a 1962 aka tashi mai biyu, kuma shi aka ci gaba da ƙerawa. Kalli bakin da inji ke shaƙar iska. A Mi-17 za ka ga wasu murafai guda biyu zagayayyu a gaban injinan kamar an kife faifai, na tace ƙura ne, suna sa iskar ta yi kwana sai yashi ya wuce waje. Injin T700 na Black Hawk shi a cikinsa aka gina nasa matacin. Mu da muka san hunturu da yashin arewa ba sai an yi mana dogon bayani ba, yashi yana cin fikafikan cikin inji kamar sanfefa, yana cin gaban fiffiken farfela shi ya sa ake lulluɓe wurin da ƙarfe mai tauri. Jirgin da aka sayo ba matacin ƙura aka ce ya yi aiki a Borno ko Agadez, injinsa ba zai kai rabin kwanansa ba, kuma ni a ganina wannan ya kamata ya zo gaban kujerun fata a lissafin duk mai saye.

Salansa ma tana magana. In ka ga an saka mata wani ƙaton akwati ko an karkata ta sama, na soja ne, ana cakuɗa hayaƙin da iska mai sanyi don makami mai bin zafi ya rasa abin bi. Na manya ba su cika damuwa da wannan ba, ko da yake sabon jirgin shugaban Amurka VH-92, wanda daga S-92 aka samo shi, ya sha jinkiri har da dalilin zafin hayaƙinsa yana ƙona ciyawar fadar White House inda yake sauka.

Zagaya baya da ido, ba da ƙafa ba, ka kalli wutsiya. Inji na murɗa farfela gefe ɗaya, bodin jirgin kuma yana son juyawa ɗaya gefen, ƙaramar farfelar wutsiya ita ke riƙe shi, in ta tsaya jirgi ya fara katantanwa. Ga wata 'yar alama da za ta sa ka bambance 'yan uwa biyu da mutane ke rikitawa, in ka tsaya kamar kana zaune cikin jirgin kana kallon gaba, tsohon Mi-8 farfelar wutsiyarsa a dama take, Mi-17 kuwa a hagu. Ta Black Hawk in ka lura ba a tsaye take cak ba, an karkata ta digiri 20, don ban da riƙe jirgin tana kuma ɗan ɗaga wutsiyar sama, wannan ya ba su damar gajarta hancin jirgin, C-130 ɗin nan dai ne har yanzu. Faransawa kuma a wasu jiragensu irin Dauphin da H160 sun cusa farfelar cikin rami a jikin wutsiya kamar fankar bango, ta fi shiru, kuma ba ta saurin sare mutum ko reshen bishiya.

Sauko ƙasa ga tayoyi, a nan soja da babban mutum suke rabuwa ƙarara. Na Black Hawk a waje suke ko da yaushe, biyu a gaba ɗaya can a wutsiya, ƙafafun masu kauri, domin matuƙin soja yana shigowa da gudu ya ɗaga hanci ya dire a kan kowace irin ƙasa, kuma in faɗuwa ta zo ƙafafun su fara shanye dukan, sannan ƙasan bodi ya lotsa, sannan kujerar ita ma ta zame ƙasa a kan sandunanta don kashin bayan mutum ya tsira, tankin mai kuma na roba ne mai toshe kansa in harsashi ya huda, ba ya fashewa da sauƙi. Darasin Vietnam kenan aka mayar ƙarfe. S-76 kuwa, wanda ya fara tashi a Maris 1977, tun farko don kasuwa aka yi shi, kamfanonin mai da shugabannin kamfanoni, duk da ya ari ilmin farfela daga Black Hawk, tayoyinsa naɗewa suke su shige ciki, jikinsa sumul, hanci dogo, saboda gudu da tsimin mai. AW139 da ya fara tashi a Fabrairun 2001 shi ma haka.

Ƙofa ba ta ƙarya. Faffaɗar ƙofa mai zamewa a kowane gefe, ana son mutum goma sha ɗaya su fice cikin daƙiƙoƙi ko a shigo da gadon majinyaci. Ƙofar baya mai buɗewa biyu kamar ɓawon gyaɗa, ko mai saukowa ta zama gada, irin ta Mi-17 da S-92, kaya ne, buhuna, durom, har ƙaramar mota. Ƙofa mai matakala da abin riƙewa, wannan an yi ta ne don mai babbar riga ya sauko a natse ana ɗaukar hoto. Leƙa ƙarƙashin ciki ko akwai ƙugiya, Mi-17 na ɗaukar kusan tan 4, Black Hawk ma yana jan kusan haka a rataye. In kuma ka ga wasu jakunkuna a naɗe a gefen ƙasa da manyan tagogi, na teku ne, balan-balan ce da ke hura kanta in an sauka a ruwa, tagogin kuma ana tura su waje a fice, irin jiragen da ke kai ma'aikata rijiyoyin mai daga Fatakwal da Legas kenan, S-76 da AW139 da S-92 duk suna wannan aikin. Wasu 'yan ƙahonni masu kaifi a sama da ƙasan gilashin gaba kuwa na yanke wayar lantarki ne in jirgin ya afka mata yana tafiya ƙasa-ƙasa.

Yanzu ɗauko biro mu yi lissafin da injiniya ke kwana da shi, lambobin nan na misali ne kawai don ka ga yadda abin ke tafiya. A ce jirgi iyakar nauyin da zai tashi da shi kilo 7,000 ne, shi kansa ba kowa ba mai kilo 4,500, matuƙa biyu 200, man da zai kai su ya dawo da ɗan rara 1,200. Saura 1,100, wato mutum 11 in kowa da jakarsa kilo ɗari ne. Toh sai mai gida ya ce yana son abin hana ƙara a bango don a yi hira ba abin kunne, kujerun fata masu juyawa, katako mai sheƙi, firji, na'urar sanyi, wayar satalayit, a ce kilo 500. Saura mutum 6. Sai ranar tafiya ta zo da zafin da ya sa littafin jirgin ya ce yau a rage kilo 400 daga iyakar nauyi. Saura mutum 2, ko a rage mai a tsaya a hanya. Shi ya sa S-76 da ke kwasar ma'aikata 12 in aka mayar da shi na manya sai ka ga kujera biyar ko shida. Kuma shi ya sa in matuƙi ya ce mutum biyu su sauka, ba raini ba ne, 'yan rakiya su yi haƙuri su bi mota, obalodi a sama ba a faka shi gefen titi.

Wannan lissafin ya taɓa kayar da Amurka kanta. A 2005 suka ba da kwangilar sabon jirgin shugaban ƙasa, VH-71, a kan bodin AW101 mai inji uku, sai aka yi ta ƙara buƙatu bayan an riga an fara, kayan sadarwa, kariya, wannan da wancan, nauyi ya hau, dole a sake inji da giyabos da farfela, kuɗi ya tashi daga wajen dala biliyan 6 ya kai biliyan 13, a 2009 aka soke aikin, jiragen da aka riga aka ƙera aka sayar wa Kanada ta yi kayan gyara da su. Sai a 2014 aka sake ba Sikorsky, kuma sai a Agustan 2024 VH-92 ya fara ɗaukar shugaban ƙasa.

Akwai abu ɗaya da duk wannan ƙirar ba ta gama maganinsa ba, ƙurar nan da ta cika min baki a filin makaranta. Jirgi mai tan shida ko bakwai dole ya tunkuɗa iskar da za ta riƙe tan shida ko bakwai, in ya sauko kan busasshen fili ƙurar sai ta tashi ta zagayo ta sama farfelar ta sake jawo ta ƙasa, cikin daƙiƙa biyu matuƙi ya daina ganin ƙasa, jirgin na zamewa gefe shi bai sani ba, taya ɗaya ta taɓa ƙasa sai ya kife. Abin da ya samu AW139 ɗin da ya ɗauko Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, a Kabba ta jihar Kogi kenan ranar 2 ga Fabrairu 2019, jirgin ya kwanta a gefensa, fikafikan farfela suka kakkarye, Allah ya kiyaye duk mutanen ciki suka fito da ransu. Jirgin lafiyarsa ƙalau, ƙurar filin ce ta rufe wa matuƙan ido. Saboda haka in kana cikin kwamitin tarbar baƙo da zai zo da helikwafta, ka nemi tankar ruwa a jiƙa filin sosai kafin isowarsa, a kwashe leda da kwano da rumfa da kujerun roba, a duba wayoyin lantarki a gaya wa matuƙi inda suke, a matsar da yara da dabbobi nesa.

Don gwaji, nemi hoton Mi-17 da na AW139 a intanet ka ajiye su gefe da gefe, ka bi su daga farfela zuwa taya kamar yadda muka yi, sannan ka ɗauko wanda ba ka san sunansa ba ka gwada faɗin aikinsa kafin ka karanta. Hoto dai na intanet ya ishe ka, kar ka je bakin bariki ko sansanin sojan sama kana ɗaga waya. In kuma Allah ya sa wata rana aka ce ka matso kusa da jirgin da farfelarsa ke juyi, tsaya inda matuƙi ke ganinka, jira sai shi ko ma'aikacin jirgin ya yi maka alama ya nuna maka ta inda za ka bi, cire hula ka riƙe a hannu, tattare babbar riga, sunkuya, kar ka ɗaga hannu sama, in hular ta tashi bar ta ta tafi, kuma ko me ya faru kar ka zagaya ta wutsiya.